Jigilar Ɗalibai da Shari'ar Yara

Tambaya: Malam, nisan lakwal ya sa ɗana ya fara fashin aji yana yawo a tasha. Wa za mu nema kan kuɗin jigilar ɗalibai, kuma ina makomarsa idan aka kama shi? Daga wata uwa, Tahoua.

Amsa: Hajiya, tun da aka rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi a Nijar a 2024, kasafin ƙananan hukumomi yana hannun kantomomi, kuma a ganina wajibi ne iyaye su kai musu kuka a ƙungiyance, domin nisa yana raba yara da karatu. Game da shari'a kuwa, dokar 2014 ta tanadi kotunan yara, kuma wanda bai kai shekara 13 ba matakan kariya ake ɗaukar masa, ba ɗauri ba.