Dukiyar mahaifinmu a hannun baffa: mene ne haƙƙinmu?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar gidan haya a Sabon Gari da shaguna biyu kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram. Baffanmu ya ce marigayin ya yi hubusinsu (wato waƙafi: a tsare dukiya, a riƙa cin amfaninta kawai) ga ƴaƴansa kuma ya naɗa shi mai kula, amma bai taɓa gaya mana abin da hayar ke kawowa ba. Mene ne haƙƙinmu?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ƴar'uwa. Ku fara tabbatar da hubusin kansa. A mazhabar Malikiyya, idan mutum ya yi wa ƴaƴansa baligai hubusi amma dukiyar ta ci gaba da zama a hannunsa har ya rasu, hubusin ya ɓaci, ta koma gado, kowa na da ikon neman a raba. Idan kuma a wasiyya ya faɗa, wasiyya ba ta wuce sulusi (kashi ɗaya cikin uku na dukiyar), ba ta kuma zartuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda. Saboda haka ku nemi takarda ko shaidu.

Idan hubusin ya tabbata, gidan ba ya sayuwa kuma ba ya rabuwa, amfaninsa ne naku. Baffanku ɗan amana ne, ba mai dukiya ba. Daga kuɗin hayar zai fara fitar da na gyara, sannan ya raba saura bisa sharaɗin marigayin, kuma kuna da haƙƙin sanin masu haya, da abin da suke biya, da inda kowace jaka ta tafi. Na san da yawa suna jin nauyin tambayar ƙanen uba lissafi, amma wannan kunyar ce ke cinye dukiyar marayu, alhali aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umurci mai riƙo ya kafa shaidu ranar da zai miƙa musu dukiyarsu.

Ku kira taron dangi, a rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu. Idan ya ƙi, ku kai maganar fadar Sarkin Damagaram don sulhu, in ya faskara sai kotu, inda dokar Nijar ta sa ake hukunta gado, kyauta da wasiyya bisa al'adar masu ƙara. Alƙali na iya tuɓe mai kula idan ha'inci ko sakaci ya tabbata, zargi kaɗai bai isa ba, don haka ku fara tattara rasit da shaidar masu haya tun yanzu.