Me ya sa gidajen Sabon Garin Kano suka bambanta da na cikin birni?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa tsarin Sabon Gari bai yi kama da na cikin ganuwa ba, kuma ko za ka iya ɗora bene a kan tsohon gidan da ka saya can.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo ma'aikatan reluwe, akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, har da mutanen Saliyo da Gana. Wajen 1913 Turawa suka yanka musu unguwa a wajen ganuwa, tituna miƙaƙƙu, filaye a jere. Sunayen titunan ma shaida ne, irin su Abeokuta Road da Gold Coast Road (Gold Coast tsohon sunan ƙasar Gana ne).

Gidan birni zaure ne, sai tsakar gida da ɗakunan iyali a ɓoye. Na Sabon Gari kuwa don haya aka fi gina shi: ƙofa a bakin titi, lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, rufin kwano, banɗaki da wurin girki can baya. Da jama'a suka ƙaru, sai aka cike tsakar gida da ɗakuna, na gaba suka koma shaguna.

Maganar bene, kada ka yi gaggawa. Wasu tsofaffin bangon na ƙasa ne aka shafe da siminti, ka ɗan ɓare gindin bango ka gani. Tushen irin wannan ba zai ɗauki rufin kankare na bene ba, ko da magini ya rantse maka. Ka nemo injiniyan gini ya duba tushen, sannan ka nemi izini a KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta Jihar Kano, kafin ka sauke bulo.