Tambaya da Amsa: Koya wa Yaro Keke ba da Feda ba

Wata uwa daga Zariya: Ɗana ya kusa shekara uku. An ba ni shawarar in saya masa keken nan marar feda, wanda yaro ke turawa da ƙafa. Ni dai na ga kamar abin wasa ne. Ba gara mai ƙananan tayoyi a gefe ba?

Hajiya, wahalar koyon keke a tsayuwa kan taya biyu take. Murza feda kuwa aikin yini ɗaya ne. Keken farko ma, wanda Bajamushe Karl von Drais ya ƙera a 1817, da ƙafa ake tura shi, sai daga baya aka ƙara feda.

Tayoyin gefe suna hana keke karkata, alhali da karkata ake shan kwana. Yaro zai saba jingina nauyinsa kan tayar waje, ranar da aka cire su sai ya koma ɗan koyo, ga tsoro ya ƙaru. A ƙasa mai ramuka kuma sukan ɗage tayar baya sama, yaro yana ta murzawa keke na nan tsaye.

Kafin ki je kasuwa, tsayar da shi jikin bango da takalminsa, ki auna daga ƙasa zuwa matsematsinsa. Sirdin ya zama ƙasa da wannan awo da santimita 2 zuwa 3, yadda idan ya zauna tafin ƙafarsa duka zai taka ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Nan mafi yawan iyaye ke kuskure, su sayi babba wai "zai girma ya tarar da shi". Yaron da ke ɗage da 'yan yatsun ƙafa ba zai taɓa sakin jiki ba. Ga shekarunsa, taya inci 12 ta isa. Ki kuma ɗaga keken ki ji: kilo 3 zuwa 4 ya wadatar ga yaro mai kilo 13 ko 14. Tayar iska ta fi kama ƙasa da laushi, ta soso kuma ba ruwanta da faci, abin dubawa idan unguwarku akwai ƙaya.

Sauran ki bar masa. Da fari zai riƙa tafiya a tsaye keken na tsakanin ƙafafunsa, har ki ce an yi asarar kuɗi. Daga nan ya zauna yana takawa, sai sassarfa, sai wata rana ki ga ya ɗage ƙafafu biyu yana sulalewa. Kada ki riƙe masa kan keken, domin ke ce za ki riƙa daidaita shi, jikinsa bai koyi komai ba. In ya tsorata, dafa kafaɗarsa ko bayansa. Ki tsaya gaba da shi ki ce ya dube ki, saboda inda ido ya kalla nan keke ke bi. Minti 10 zuwa 15 a rana ya isa, a fili mai tauri, nesa da kwata da hanyar babura. Rairayi yana cije taya. Hular kwano ta sauko har yatsa biyu sama da gira, takalmi kuma rufaffe, ban da silifas, tunda ƙafarsa ce birkinsa.

Wani mahaifi daga Maraɗi: 'Yata shekararta biyar, tana da keke mai feda amma ta kasa. Sai na sake sayen wani?

A'a, Malam. Cire tayoyin gefe da fedojin, ka sauke sirdi, ya zama abin da ake nema. Sifana mai lamba 15 ke kwance yawancin feda. Ka lura, zaren fedar hagu a juye yake, shi ya sa mutane ke ƙara ɗaure ta suna zaton kwancewa suke yi har su ci zaren. Dabarar: ɗora sifana tana kallon sama, ka tura ta wajen tayar baya, a kowane ɓangare.

Abu ɗaya ka duba tukuna. Wasu kekunan yara da mayar da feda baya ake taka musu birki. In irinsa ne kuma babu birkin hannu, cire feda ya raba ta da birki, don haka ban da gangara.

Wata malamar makarantar reno: Yaushe ake komawa kan feda?

Idan yaro yana ɗage ƙafa ya sulale kamar daƙiƙa 10, yana shan kwana hagu da dama, yana kuma tsayawa da birki inda aka ce ya tsaya. A mayar da feda, a bar sirdi ƙasa na 'yan kwanaki. Ya tura da ƙafa sau uku ko huɗu, keke ya ɗauki gudu, sannan ya laluɓi feda ba tare da ya sunkuya ya kalle ta ba. Da ya saba, a riƙa ɗaga sirdin santimita ɗaya-ɗaya.