Ga uwar da ɗanta bai fara magana ba

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya kai shekara 3 ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, dangin miji kuma suna cewa iskoki ne. Wallahi sai da na yi hawaye, don nawa ma haka yake.

Mu likita ya ce mana galahanga ce, wato otizim. Ba aljanu ba ne, ba laifinki ba ne. Yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, kuma ya fi yawa ga yara maza. Amma fara kai shi asibiti a auna jinsa, domin matsalar kunne ma kan hana magana.

Wata rana a kasuwar Dole ƙarar kabu-kabu ta sa ɗana ya toshe kunnuwa, ya kwanta ƙasa yana ihu, mata suna cewa ban iya tarbiyya ba. Na koma gida Birni na yi ta kuka har la'asar. Yanzu da sanyin safiya muke fita. Ina yi masa magana gajere, ina nuna abin: kofi, ruwa. Ranar da ya ja hannuna zuwa randa ya ce "uwa", ruwa yake nufi, durƙusawa na yi na rungume shi.