Fara da batir, kwamfuta ta jira

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni yadda za ka koya wa ƙannenka 'yan firamare haɗa wuta a kan takarda, da ko sai ka samo musu kwamfuta kafin su fara kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni. Kwamfuta ta jira tukuna.

Nemi batir ɗin nan mai kama da kwabo, CR2032. Bolt 3 ne, ba ya jan mutum. Ka haɗa da ƙananan ƙwayayen LED, da kwali, da tef na jan ƙarfe. In tef ɗin ya yi wuyar samu, yanka takardar alminiyam siri-siri ka manna, tana yi. Da tef ɗin za ka ja layin wuta a kan kwali daga batir zuwa ƙafafun ƙwai. Doguwar ƙafar ƙwai ita ke zuwa gefen batir mai alamar +. In ka zo kwana, lanƙwasa tef ɗin, kada ka yanke ka ɗora wani a kai, don gam ɗin da ke ƙarƙashin yawancinsu ba ya wuce da wuta. Nan ne yara suka fi faɗuwa, har da manyan ma. Kuma kada ka jera jan ƙwai da shuɗi a batir ɗaya: ja yana kamawa a wajen bolt 2, shuɗi sai kusan 3, sai jan ya kwashe wutar ya bar ɗan'uwansa a duhu.

In ƙwai ya ƙi kamawa, harɗe hannunka a baya. Na san halinka da saurin karɓe aiki. Bar yaron ya bi layin da yatsa, ya juya batir, ya danne ƙafar, har ya gano da kansa. Mai kodin ma haka yake wuni yana farautar kuskurensa. Sannan ka naɗe gefen kwalin ya zama makunni: in an danna ta kama, in an saki ta mutu. Wannan "in kaza, to kaza" ita za su tarar a Scratch, manhajar koya wa yara kodin wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don 'yan shekara 8 zuwa sama. 'Yan 5 zuwa 7 kuwa nasu ScratchJr ne.

Batir ɗin fa, ƙirga su kafin ka raba, ka sake ƙirgawa kafin kowa ya tashi. In yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale, cikin awa 2 yana iya ƙona masa maƙogwaro. Kada a sa shi amai, a wuce asibiti kai tsaye.