Wane batirin lithium zan sa wa na'urorin sarrafa gidana?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da ke kula da fitilu da makullin ƙofa, sai rauta mai raba intanet da kyamara ɗaya. Duka-duka suna cin wat 20. Ina so su yi awa 8 idan an ɗauke wuta. Na gwada ƙaramin batirin cajin waya, amma duk lokacin da wuta ta tafi sai kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Me zan haɗa?

Amsa: Laifin batirin cajin wayar ne. Da yawansu suna yanke wuta na ɗan ƙiftawar ido kafin su juya daga karɓar caji zuwa bayarwa, kuma wannan ƙiftawar ta isa ta kashe Raspberry Pi. Idan abin ya yawaita, wata rana katin ajiyarta ne zai lalace.

Lissafin ba wuya. Wat 20 sau awa 8 ya ba ka wat-awa 160. Ƙara abin da zai salwanta a hanya, ka ce 200. Batiri mai bolt 12.8 da amfiya-awa 20 yana ɗauke da 256, ka ga har da rara.

Ni dai nau'in batirin lithium da ake kira LiFePO4 zan ce ka saya. Ƙwaya huɗu a jere, kowace bolt 3.2, su ne ke ba da 12.8 ɗin. Ya fi irin na cikin kwamfutar cinya nauyi, amma bai kai shi saurin kama wuta ba, kuma yana jure cika da saukewa sau dubbai. Abin da zai kwana a ɗaki shekara da shekaru ba mai kallonsa, ai nauyi ba shi ne abin dubawa ba. Kada ka karɓi wanda ba shi da allon kariya, wato BMS. Shi ke hana ƙwaya wuce 3.65 ko faɗuwa ƙasa da wajen 2.5, shi ke daidaita su.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne caji. Cajar lithium takan tura wuta daidai wa daida har batiri ya kai bolt 14.2 zuwa 14.6, sannan ta riƙe shi nan tana jiran abin da yake sha ya ragu, sai ta tsaya. To, idan na'urorinka suna rataye a jikin batirin suna zuƙa, cajar ba za ta taɓa ganin raguwar ba. Haka za ta bar shi a ƙololuwa dare da rana, yana tsufa a banza. Mafita biyu ce. Ko ka nemi allon da ke raba hanya, na'urori su ci daga wutar gida kai tsaye, batiri ya shigo nan take idan ta yanke; ko ka sa caja ta sauka zuwa 13.5 bayan cika. Cajar batirin mota mai zabura sama da bolt 15 kuwa, kada ma ta matso kusa. Girman cajar, amfiya 6 ya wadatar: kusan 2 na na'urori, 4 na batiri, ya cika cikin awa 5 ko sama kaɗan.

Inbata ba ta da aiki a nan. Za ta ɗaga wutar ne cajojinka su sake sauke ta, ga abin da take ci ko ba komai a jone. Sa mai rage wuta zuwa bolt 5 don kwamfutar, wani kuma ya tsayar da 12 cif don rauta, domin 14.6 na iya yi mata yawa. Fiyus ya zauna dab da ƙafar batiri mai alamar tarawa.

Kada ka yi wa batirin caji a sanyin da ya kai sifiri a ma'aunin Selshiyos, kada kuma ka kulle shi inda zafi ke taruwa. Sannan yawan bolt ɗin LiFePO4 ba ya nuna ragowar cajinsa. Zai daɗe yana nuna 13 da ɗoriya, sai kwatsam ya zube. Sa ma'aunin da ke ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita, ka umarci kwamfutar ta rufe kanta a tsanake idan saura kashi 15 cikin ɗari, bayan ka tabbatar makullin ƙofar yana buɗuwa da hannu.