Tambaya da Amsa: Wai mece ce ma'anar "stint" ne, lokaci ko rowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ƙaninka ne daga Aboabo nan Kumasi, ina kula da ginin wani kawuna da ke zaune a Ingila, shi yake turo kuɗi ni nake tsayawa kan magina. Satin da ya wuce ya turo min saƙo a WhatsApp da Turanci yace "don't stint on the cement", ni kuma a shafin ƙwallo na san kalmar, inda ake cewa "Muntari's stint at Hearts of Oak", wato zaman da ya yi a kulob ɗin. Sai na ɗauka yana nufin kar mu daɗe a kan aikin siminti, na sa magina suka yi ta sauri, ashe ba haka yake nufi ba, ya kira ya yi ta faɗa. Don Allah Malam kalma ɗaya ce ko biyu ce?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kalma ɗaya ce, kuma ba kai kaɗai ta taɓa kayarwa ba, don ko waɗanda suka yi boko mai zurfi yawanci fuska ɗaya suka sani, ta jarida. Abin da kawunka yake faɗa maka shine kar ka yi tsumulmular siminti, kar ka tsuke hannu, in buhu goma aikin yake ci to a zuba goma kar a zuba bakwai a cika da yashi. Kuma yana da gaskiya wallahi, mutum yana can cikin sanyi yana tara kuɗi, abin da yake tsoro kenan, ya dawo ya tarar bango yana marmashewa in an sa farce.

Toh bari in kai ka tushe don daga nan komai zai warware. A tsohon Turanci kalmar "styntan" ce, ma'anarta dakusar da abu, kamar yadda wuƙa ke dakushewa. Daga baya ta koma nufin tsayawa ko dainawa, daga nan ta zama yanka wa abu iyaka. Ka riƙe wannan iyakar, ita ce zaren da ya ɗinke sauran duka. In ka yanka wa abin da za ka kashe iyaka har ya gaza, ka yi rowa kenan, shine ma'anar saƙon kawunka, kuma alamarta mai sauƙi ce, za ka ga "on" yana bin ta a baya. In aka ce mutum ya bayar "without stint" ko aka kira taimakonsa "unstinting", yabo ne babba, ana nufin ya saki hannu bai ƙirga ba, irin matar da za ta zuba maka waken safe ta ƙara maka cokali biyu ba ka roƙa ba.

In kuma aiki aka yanka wa iyaka, sai ta zama rabon aikin da aka ɗora wa mutum, nan ne ma na fi son kalmar don mu ma muna da irinta. A ramukan haƙar kwal na Ingila a da, ana auna wa kowane lebura tsawon bangon kwal da zai fasa kafin ya tashi, wannan awon shi suke kira "stint" ɗinsa, in ka gama naka ka fita hakki. Kai da kake tsaye kan magina ka san wannan fiye da ni, ba aikin jinga ba kenan? Ka ce wa mai bulo ga buhu kaza ka buga min yau, ko a gona a yanka wa kowa kunyoyinsa, mai ƙarfi ya gama kafin azahar ya wanke ƙafa ya tafi, mai sanyin jiki la'asar ta same shi yana nan. Ba a ƙirga masa awa, aikin ake aunawa.

Sai ta ukun wadda ka sani, inda lokaci aka yanka wa iyaka. Ita ce ta cika jaridu yanzu. Sulley Muntari ya je Portsmouth a 2007, suka ci kofin FA a 2008 ya wuce Inter Milan, wannan ɗan zaman "stint" ne, haka zuwansa Hearts of Oak a 2022. Michael Essien ma da Chelsea ta ba Real Madrid aronsa a kakar 2012 zuwa 2013 haka 'yan jarida suka kira shi. Yaranmu da suka gama jami'a suke yin shekara guda ta bautar ƙasa su ma za su iya rubuta ta a takardar neman aiki. Amma a kula, tana ɗauke da ƙanshin abin da ba mai ɗorewa ba, dattijon da ya shekara 35 yana koyarwa a makaranta ɗaya in ka kira aikinsa da wannan suna kamar ka rage masa daraja ne.

Ni in aka ce in fassara wannan ta ukun da Hausa ba na zuwa nesa, wa'adi nake cewa ko zango. Zango ma ya fi zauna min, don kakanninmu fatake da suke sauko wa Salaga da Kumasi neman goro, tafiyarsu zango zango ce, a yi tafiyar yini a sauke kaya a kwana a tashi, sunan da ya bi unguwanninmu kenan har yau ake ce mana mutanen Zongo. Masu tseren motoci na Formula 1 ma haka suke amfani da kalmar, gudun da direba zai yi daga canjin taya zuwa wani canjin, kaga zango ne sak.

Akwai kuma wani ɗan tsuntsun bakin ruwa da ake kira "little stint", bai fi tafin hannu ba, yana hayayyafa can arewacin duniya wajen ƙanƙara sannan ya sauko Afirka lokacin sanyinsu, ana ganinsa a fadamun bakin teku irin na Sakumono kusa da Tema. Wannan suna ne kawai, ba ruwansa da siminti ko ƙwallo. Sannan kar ka haɗa ta da "stent", wato ɗan bututun da likitoci ke sa wa a jijiyar jini in ta toshe, harafi ɗaya ne ya raba su kuma a bakin mutanenmu kusan sauti ɗaya suke fita.

Game da ginin kuwa, tunda an yi aikin cikin gaggawa, ka samo magini mai ido ya duba inda aka zuba kankaren nan da kyau tun kafin a ɗora wani abu a kai, in akwai gyara a yi shi yanzu da sauƙi. Ka kira kawu ka ba shi haƙuri, ka kuma roƙe shi nan gaba ya riƙa turo maka saƙon murya da Hausa.